Lambun da Ya Ƙi Bushewa

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. Likita ya ce mu koma gida, ya rubuta maganin rage zafi, ya ce duk abin da ranta yake so a ba ta. Bai ce mu dawo ran kaza ba. Ni ma ban tambaya ba.

Matata Ramlat ta yi barci tun daga Dawanau har Bici, kanta a kafaɗar yayarta Zakiyya. Da muka shigo hanyar ƙauye ta buɗe ido, ta ga gero ya fi mutum tsayi, ta ce, "Malam, har daminar ta yi nisa haka ban sani ba?"

Muna shimfiɗe ta sai ta tambayi kalanda. A ɗakin matan asibitin akwai wata kalanda daura da gadonta, ɗauke da hoton wani lambun Turawa: bishiyoyi, ciyawa, hasken rana yana zubowa ta cikin ganye, mata da laima, wasu a zaune, wasu suna tafiya. Ita ta yi ta kallo duk zaman da muka yi. Na roƙi nas ta ba mu, ta ce ba tata ba ce. Na ɗauka a waya, hasken taga ya cinye rabi.

Na miƙa mata wayar, ta ture. Ta ce, "Ba na son na waya. Kai da ka zana taswirar Najeriya a bangon makaranta, zana mini shi babba, ka rataye a nan inda nake kallo. Ka ga mutanen nan, babu wanda ke kwance a cikinsu."

Na ce to. Me kuma zan ce?

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Na je Bici wurin Kamaruddeen, abokina tun muna ɗalibai, shi ne yake koyar da zane. Ya kalli wayar ya yi dariya, ya ce, "Mutumina, ka ɗebo babba. Wannan salon wasu masu zanen Faransa ne na da can. Ba a jan layi. Dangwala launi ake yi kusa da launi, in ka ja da baya ido ya haɗa su da kansa. A kusa ba za ka ga komai ba sai taɓo."

Na ce ni fentin gida na sani, da alli. Ya ce wannan fentin mai ne, ya ɗauko mini ragowar nasa, a 'yan mazubai irin na makilin, da buroshi, da wata 'yar kwalbar mai da ake sassauta fentin da shi. Ya ce in ɗaure akoko a jikin katako, in shafe shi da fari, in wanke buroshi da kananzir. Ya ce kada in kuskura in sa baƙi a inuwa, inuwa shuɗi ce. Na ce shuɗi? Ya ce in fita in kalli ƙarƙashin darbejiya da azahar in daina gardama.

Sai ya ce, "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Gobe zai tafi aikin duba jarrabawa, ya ce in ya dawo zai leƙo.

Na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar tasha. Shuɗi ce, wallahi.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

A zaure na fara. Ban jima ba na ji Ramlat tana kakarin amai daga ciki, ɗan kunun da ta sha duk ya dawo. Yaya Zakiyya ta fito kamar za ta dake ni. Ta ce, "Malam Abdulhadi, kashe ta za ka yi da warin kananzir? Ka kwashe tarkacen nan daga gidan nan. Kuma kada abin nan ya shigo sai ya bushe warinsa ya fita. Ka ji na gaya maka."

Gidana ne, amma gaskiyarta. Na kwashe na kai makaranta. Ana hutu, mabuɗin ajina yana hannuna. Na jingina akokon a jikin allo.

Da na dawo na wanke hannu da sabulu har ya yi ja, na sauya riga, sannan na shiga. Ramlat ta ce, "An kore ka?" Na ce an kore ni. Ta yi 'yar dariya, ta riƙe cikinta. Ta ce kada in nuna mata sai na gama.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Abin nan ya fi ƙarfina. Hannuna ya saba da layi, sai in ga na zagaye mace da layi kamar ina zana wa 'yan aji biyu. Na goge, na sake. Kore na dangwala kusa da ruwan ɗorawa, na ja da baya har ƙofar aji, na ga ciyawa ta fara zama ciyawa. Na matso, ta koma taɓo. Haka na wuni, in matso in ja da baya, kamar mai taɓin hankali. Wata mata mai cirar ciyawa ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu Malam, Allah ya ba da lafiya." Ban san wa take nufi ba.

Bishiyoyinsu ban san sunansu ba. Duk yadda na yi sai su fito darbejiya. Na bar su a haka.

Jiya Ramlat ta ci lomar tuwo. Yau ba ta ci ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da asuba

Maganin ba ya kai ta gari ya waye yanzu.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Man Kamaruddeen ya ƙare. Ashe kaɗan-kaɗan ake sawa, ni kuwa na yi ta kwarara shi. Fentin ya yi tauri, buroshi ba ya tafiya. Na kira shi, wayarsa a kashe. Zuwa Kano neman wani mai wuni guda ne, ni kuwa ba ni da wunin da zan zubar.

Na dawo gida shan ruwa, idona ya faɗa kan kwalbar man gyaɗa a saman kantar kwanuka. Na Ramlat ne, na tuyar ƙuli-ƙulinta ta ƙarshe kafin ta kwanta. Duk ƙauyen nan an san manta, har daga Bici ake aiko da jarka. Na ɗaga shi a haske, garau, ya ma fi na Kamaruddeen kyau. Na ce mai ai mai ne. Na ce ma hannunta zai shiga cikin aikin.

Kai, ya yi daɗin aiki! Fentin ya yi laushi yana sheƙi, buroshi yana zamewa. Na bi ko'ina da shi, sama da ƙasa, har wuraren da na riga na gama na sake bi don su yi sheƙi ɗaya. Yau ne karon farko da na ji daɗin wani abu tun da muka dawo.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Na gama.

Na tsaya a bakin ƙofar aji na kalle shi. Ga lambu. Ga rana tana ɗiga ta cikin ganye a kan rigar wata mata, ga mai jar laima ta juya baya, ga wasu biyu a zaune a ciyawa da kwando a tsakaninsu. Ba su da fuska, amma mutane ne, har ka ji kamar hira suke yi. Ni na yi wannan? Na zauna a bencin yara na yi kuka mai isata, babu wanda ya gan ni.

Na zo da sauri na gaya mata. Ta ce, "Da mai jar laimar?" Na ce tana nan. Ta ce, "Ita ce tawa." Na ce kwana biyu ya bushe in kawo. Ta ce, "To, ina jira." Yaya Zakiyya tana fifita a gefe.

Na buga ƙusa a bangon da ke fuskantar gadon.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Na taɓa gefe da ɗan yatsa. Ya kwaso kore. Damina ce, na ce, iska a jiƙe take. Na buɗe tagogi duka.

Ta tambaya. Na ce gobe ko jibi. Ƙafafunta sun kumbura, zoben hannunta kuwa ya zame da kansa, Yaya Zakiyya ta tsince shi a cikin zani.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Bai bushe ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan magariba

Na fitar da shi rana, hadari ya taso, na ruga da shi ciki. Na kunna gawayi a kasko na ajiye kusa da shi, toka ta tashi ta manne a sararin samaniyar zanen. Tagogin da na bari a buɗe kuwa, ƙwari sun shigo sun maƙale a ciyawar. Da tsinken tsintsiya na yi ta ciro ƙudaje da sauro ɗaya bayan ɗaya. Ga wani wari ya fara, na man da ya kwana biyu, haɗe da na kananzir.

Na dawo gida da la'asar sakaliya, Yaya Zakiyya ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Tun safe take kiranka. Kana ina?" Na ce ina wurin aikin da ta sa ni. Ta ce, "Aiki? Gadin fenti kake yi!" Raina ya ɓaci, na ce ai da ba ki hana shi shigowa ba da tuni ta gani. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba.

Ta rage tata muryar ta ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba? Ita ta ce mini, Yaya, in Malam ya zauna yana kallona haka zai riga ni tafiya, gara in ba shi abin yi. To ta ba ka, ka yi, ka gama. Yanzu kuma so take ka zauna."

Na shiga na zauna. Barci take yi, baki a buɗe. Na kasa kallonta. Ƙusar nan na yi ta kallo.

Talata, 26 ga Agusta, bayan la'asar

Kamaruddeen ya zo a babur. Ya shiga ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya fito fuskarsa ta sauya. Na ja shi makaranta.

Ya tsaya a ƙofar aji ya daɗe. Ya ce, "Abdul, wallahi ɗalibaina ba sa yin haka." Sai ya matsa, ya shinshina, ya taɓa, ya murza yatsunsa. Ya ce, "Me ka sa?" Na ce man gyaɗa. Ya dafe kai.

Ya ce ba kowane mai ke bushewa ba. Wancan nasa daga wani iri ake matso shi, iska tana daskarar da shi. Man gyaɗa kuwa haka zai zauna. Na ce har yaushe? Ya ce, "Ba maganar yaushe ba ce." Na ce rana fa? Wuta fa? Fanka? Ya girgiza kai. Ya ce sai dai a kankare a sake sabo, shi zai kawo mai, zai taya ni, amma ko an yi daidai sai ya ɗauki makonni kafin ya bushe.

Makonni! Na ce masa ya hau babur ɗinsa ya tafi. Bai yi mini komai ba, bawan Allah. Ya hau ya tafi.

Ni da na tashi a cikin gyaɗa, na auri mai tuyar ƙuli. Riga nawa na gani da tabon mai shekara da shekaru bai bushe ba? Ina hankalina ya tafi?

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Ta ce, "Malam, ya bushe?" Na ce saura kaɗan. Allah ka yafe mini.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan azahar

Baba Malam, mahaifinta, ya zo daga garinsu. Ya yi mata tofi, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce in kai shi ya ga abin da ake ta magana. Mutumin da ko kalanda mai hoton mutum ba ya bari a rataye masa a zaure, na ce yau zai ce in ƙone.

Muka bi ta cikin gonaki, yana dogara sanda. Ya shiga ajin ya je dab da shi ya ƙura ido, ya ce, "Ni ban ga mutum a nan ba." Na ce Baba sai ka ja baya. Ya ja baya har ƙofa. Ya sake dubawa. Sai ya ce, "Ikon Allah. Ga su kuwa."

Na fara ba shi haƙuri, ina cewa ba su da fuska, ba su da ido. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Abdulhadi, ban zo yin fatawa ba. 'Yata ta ce mini akwai wani lambu da take jira. Ka kai mata." Na ce bai bushe ba, Baba, kuma warin yana sa ta amai. Ya ce, "Me ya rage a cikin nata da za ta amayar? Ka kai mata gobe da safe. Kada ka wuce gobe."

A hanyar dawowa ya tsaya a bakin gonar gyaɗa yana goge ido da hannun riga, ya ce wai ƙwaro ne ya shigar masa.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan la'asar

Na ɗauko shi da hantsi a ka, fuskarsa sama, ina kaucewa ganyen gero. Duk da haka wani ganye ya shafi gefe ya ja kore a kan hanyar lambun. Yaya Zakiyya ta gan ni, ta matsa ta ba ni hanya. Ta tayar da Ramlat ta jingina ta a ƙirjinta.

Ɗakin ƙarami ne, daga gado zuwa ƙusar babu nisan da zai isa. Sai na ɗage labule na tsaya da shi a tsakar gida, daidai ƙofa, inda rana take. Na ce, "Ramlat, ga shi."

Ta ɗago ido tana nema. Ta ce, "Malam, haske kawai nake gani. Matso."

Na matso bakin ƙofa. Ta ce in ƙara. Na shiga ɗaki. Ta ce in ƙara. Na durƙusa a gaban gadon, na riƙe shi dab da fuskarta, inda idonta yake iya kaiwa yanzu.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ina mutanen?"

Na ce suna nan. Ta ce, "Ni kore kawai nake gani, da ja, da wani fari-fari." Babu fushi a muryarta, tambaya kawai take yi. Na ce sai an ja da baya ake ganinsu. Ta ce, "To ja." Na ja, ta ce ya ɓace. Na dawo.

Na kama hannunta na ce bari in nuna miki. Na ɗora yatsunta a kan jan na ce wannan laimar taki ce. Na gangaro da su na ce wannan rigarta, nan ciyawa, nan masu kwando. Duk inda yatsunta suka bi fentin yana biyo su. Ina kallo mai laimar ta narke cikin ciyawa, ban ɗaga hannun ba. Ta ce, "Tana tsaye?" Na ce tana tsaye. Ta ce, "Madalla."

Sai tari ya sarƙe ta. Yaya Zakiyya ta ce, "Fita da shi haka nan." Na fita da shi na jingina a bayan rumbu.

Ba ta gan shi ba. Na rubuta ne don kada wata rana in gaya wa kaina ta gani.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Na wuni a gefenta. Ba ta yi magana ba. Na so in goge mata hannu, ta dunƙule shi.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan azahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan sallar asuba.

Ina zaune a zaure da maza, mata suna ciki suna yi mata wanka. Aka daɗe. Baba Malam ya aika a ji lafiya. Sai Yaya Zakiyya ta leƙo ta bayan ƙyaure ta yafito ni, idonta jajir. Ta ce, "Abdulhadi, koren nan na hannunta ya ƙi fita. Mun sa sabulu, mun sa soso, ya shige ƙarƙashin farce, ruwa zamewa yake yi a kansa. Da me ake goge shi?"

Na ce a bar mata shi. Don Allah a bar mata.

Baba Malam ya ji mu. Ya taso ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Sai ruwa ya taɓa fata, ɗana. Ka gaya musu."

Na san abu ɗaya da ke fitar da shi nan take. Na je na tsiyayo daga fitila a murfin kwano, na miƙa mata. Ta shinshina, ta dube ni. Ta karɓa ta shiga.

An fesa turare a likkafani, an ƙara. Ni na ɗauki makara ta gaba, ta ɓangaren hannunta na dama. Muka bi ta cikin gero, mutane suna ta salati, wasu suna cewa in kawo su karɓe ni, na ƙi. Tun daga ƙofar gida har bakin kabari warin kananzir nake ji.